Motar da Inna Za Ta Yarda Ta Shiga

Shekara biyu da ba mu jiharmu, lokacin da Gusau ta cika da baƙin ma'aikata har ɗakin haya ya yi wuya, na tara abin da zai sayi mota ɗaya. Ɗaya tak. Taki da maganin feshi nake sayarwa a kasuwa, kuma Allah Ya buɗa mini a daminar nan. Da don ni kaɗai ne da babur ɗina ya ishe ni, don bai taɓa ba ni kunya ba. Saboda Inna na shiga neman mota, kuma neman nan ya kusa zautar da ni.

Inna ita ce mahaifiyata. Tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Kucheri, inda in ka sauka daga kwalta sai ka yi kusan awa guda cikin yashi da kwazazzabai, ka tsallake rafi ɗaya. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, tun da wani mai yawo da allura ya taɓa shi. Na daman kuma yanar ido ta lulluɓe shi, har ta kai sai da lalube take gane ƙofar ɗakinta. An taɓa kawo ta Gusau a bayan a-kori-kura, likitan ido ya duba ya ce aiki zai yiwu, amma da sharaɗi biyu. Na farko, a kawo ta kafin ƙarshen wata mai kamawa, don za a mayar da shi wani gari kuma babu wanda ya san ranar da za a turo wani. Na biyu, bayan aikin kada a kuskura a ɗora ta a buɗaɗɗiyar mota, iska da jijjiga za su ɓata komai. Ita ma tafiyar nan ta farko sai da ta kwantar da ita kwana huɗu, ta ce ita da bayan mota har abada.

Wani zai ce to ina abin wahala, sayi mota ka je ka ɗauko uwarka mana. Haka abokaina na kasuwa suka ce, don babu ɗan fari a cikinsu. Ni ɗan fari ne. A gidanmu kuma, ga jinin Fulani ta wajen kakarmu, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta ɗaga kai ta dubi fuskata ba, ko lokacin da idanunta biyu suke garau. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar babanmu, a Tsafe, ita ta raine ni. In na je gaida Inna daga bakin ƙofa nake durƙusawa, in yi gaisuwa, ita kuma ta amsa tana fuskantar bango. In akwai magana Gwaggo take faɗa wa, ko da ina tsugune a wurin: "Ki ce ma ɗan naki an gode." Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, da mata da 'ya'ya biyar, amma a bakinta ɗan naki nake.

Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta tarar ana yi. Amma in na ce abin bai ci mini rai ba na yi ƙarya, balle in na ga yadda take da Auta. Auta shi ne ƙaraminmu, direban tifa a Gusau, ƙato mai gemu da 'ya'ya uku, amma in ya je gida sai ya baje a kan gadonta ya buɗe kwanonta, tana zaginsa tana dariya. Ni kuwa ina waje ina kallon kaji.

To matar da ba ta taɓa haɗa tabarma da ni ba, wace mota ce za ta yarda ta haɗa da ni? Tambayar ke nan da na ɗauka na shiga gari da ita, na kuma ci karo da motoci biyu.

Ta farko ƙaramar jif ce mai shan fetur, koriya, sabuwar shigowa daga Kwatano, tana wurin wani dillali kusa da tasha a Gusau. Kyakkyawa ce wallahi. In ka tayar da ita sai ka kasa kunne kafin ka ji injin. Ba ta da tsayi, tsohuwa za ta iya ɗaga ƙafa ta shiga, kuma dillalin ya rantse mini yashi ba ya riƙe ta don ba ta da nauyi. Aibinta ƙofa biyu gare ta, sai ta but. Mai zama a baya sai an kwantar masa da kujerar gaba ya sunkuya ya kutsa. In ya zauna kuma gwiwarsa na taɓa bayan direba, numfashinsa na sauka a ƙeyarsa.

Ta biyu tana Bunguɗu, wurin wani Alhaji mai sayen auduga da ya gaji da ita. Babbar jif ce mai shan gas, fara ce amma ta soma komawa ruwan ƙasa, doguwa, kujeru layi biyu, sannan can ƙarshe benci biyu na kallon juna da ƙofarsu daban ta baya. Ta kwana biyu a duniya, shi ya sa kuɗinsu ya zo kusan ɗaya. Kafin ka murɗa makulli sai ka jira wata 'yar wuta ta mutu, in ta tashi kuma sai ka ce injin niƙa aka kunna. Tsayinta kuwa, ni da kaina sai da na kama ƙarfe na tattare riga kafin na hau.

A shekarar nan fetur ya zama abin nema da addu'a. Layin gidan mai kan kai kwana biyu, mutum ya bar motarsa ya je gida ya ci abinci ya yi wanka ya dawo ya tarar ba a gusa ba. 'Yan bumburutu na bakin titi da jarkokinsu, su sayar maka yadda suka ga dama, wani sa'in ma a gauraye da kananzir. Nan Auta ya kafa hujjarsa. Ya ce, "Yaya, mi za ka yi da motar da ranar da kaka buƙatarta tana layi? Gas ko yanzu kac ce, in samo maka wurin abokaina masu manyan motoci. Waccan 'yar koriyar ko, in rafinmu ya kawo, tahiya za shi yi da ita."

Maiɗakina ita ƙaramar take so. Ta ce babbar ko ƙofar gidan hayarmu ba za ta shiga ba, a titi za ta riƙa kwana, kuma duk mai naƙuda da mai kai amarya a unguwa a kanmu zai ƙare. Bakaniken da na saba da shi ya goyi bayanta, ya ce ranar da famfon gas ɗin babbar ya lalace babu mai taɓa shi a Gusau, sai Kaduna ko Kano. Kowa da gaskiyarsa, amma babu wanda ya taɓo abin da ke damuna, don ban faɗa wa kowa ba. Ta yaya magidanci kamata zai buɗe baki ya ce yana neman motar da uwarsa ba za ta ji kunyar zama da shi a ciki ba?

Sai na koma awo. Na sami igiyar ɗaure buhu na cusa a aljihu. Na je wurin dillali na ce ina so in ƙara duba kujeru, na shiga na auna daga kujerar direba zuwa ta baya, na ƙulla. Ko kamu ɗaya bai cika ba. Na hau babur na bi hanyar Sakkwato zuwa Bunguɗu, na auna daga kujerar direba zuwa bencin ƙarshe, na sami kamu huɗu da ɗori. Kamu huɗu! Ai ya kai tazarar da ke tsakanin gadon Inna da bakin ƙofar da nake durƙusawa. Na fito ina murna na ce an gama. Ban kai Gusau ba na tuna tsayin, na juya babur na koma, na auna daga ƙasa zuwa matakin ƙofar baya, ya wuce mini gwiwa. Matar da ke tashi daga kujerar tsugunno da salati da dafa bango, ita ce za ta hau nan? In ɗaga ta za a yi, wa zai ɗaga? Ba dai ni ba.

Haka na yi mako biyu. Da safe in tashi a kan ƙaramar, kafin azahar na koma babbar. In buɗe shago, in kasa zama, in rufe in hau babur, ina ƙona fetur ɗin 'yan bumburutu mai tsada a kan hanyar da ban san abin da zan je yi a ƙarshenta ba. Mai sayen taki ya tambaye ni wanda ya dace da masara in tsaya ina kallonsa. Abinci ma a tsaye nake ci, maiɗakina ta ce ko kujerun gidan ƙaya aka zuba musu. Dillali ya fara ce mini wani daga ma'aikata ya yi magana a kan koriyar, ni dai in yi sauri. Alhajin Bunguɗu kuwa, ranar zuwana na biyar, ya gan ni ina zagaya motar ina leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Malam, in aurenta kaka so ka turo magabata, wagga zarya ta yi yawa." Aka yi ta dariya a rumfarsa. Na yi yaƙe, amma a raina kamar in shaƙe shi.

Da abin ya ishe ni sai na je Tsafe na ɗauko Gwaggo a motar haya. Na ce mata ina so ta sa wa motar albarka kafin in saya. Gaskiyar magana gwiwoyinta nake so in ara, don kusan sa'ar Inna ce kuma ciwonsu iri ɗaya.

A wurin dillali na kwantar mata da kujerar gaba na ce ta gwada baya. Ta sa kai, ta sa ƙafa ɗaya, mayafinta ya maƙale a wani ƙarfe, ta tsaya rabi ciki rabi waje tana kiran sunan Allah. Da ƙyar muka zaro ta. Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta dubi dillalin ta ce, "Ɗana, wagga mota ce ko akurkin kaji?" A Bunguɗu kuma Alhaji ya sa aka kifa mata turmi, ta taka ta hau, ta zauna a bencin ƙarshe. Ni na shiga wurin direba na waiwayo na ce, "Gwaggo, yaya kika ji?" Ta ce, "Mi kac ce? Ɗaga murya. Kai can ni nan, awa mun yi faɗa."

Da na zo saukar da ita sai igiyar ta faɗo daga aljihuna da ƙulle-ƙullenta. Gwaggo ba a ɓoye mata abu, ita ta san ni tun ina fitsarin kwance. Ta ce, "Mi kaka aunawa?" Na yi ta kame-kame, daga baya na faɗa mata. Ta yi dariya har sai da ta share hawaye da bakin mayafi, ni kuma raina na tafasa. Can ta dube ni ta ce, "To ka tambaye ta mana." Na ce ta yaya? Ta ce, "Ka zo ka tambaye ni gabanta, kamar kullum."

Washegari muka je ƙauye. Gwaggo ta shiga ta zauna a bakin gado, ni na durƙusa a inda na saba. Inna na ɓarar gyaɗa da lalube, tana zuba ƙwaya a faifai, wani lokaci ta zuba ɓawon a ciki ba ta sani ba. Na gyara murya na ce, "Gwaggo, motoci biyu na gani. Ɗaya ƙarama ce, ba wuyar shiga, amma a matse take. Ɗaya babba ce, mai faɗi, mutum na iya zama can nesa shi kaɗai, sai dai tana da tsayi. Ban san wadda ta fi dacewa da kai mara lafiya asibiti ba."

Inna ta ci gaba da aikinta. Ba ka jin komai sai ƙarar ɓawon gyaɗa. Na jira har ƙafata ta yi sanyi. Sannan Inna ta ce, "Ki ce ma ɗan naki kada shi wahalar da kanshi. Idon ga ya ga abin da za shi gani."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Haba Inna! Kwana goma sha biyu fa suka rage!" Da ƙarfi, kuma kai tsaye gare ta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Hannunta ya tsaya a kan faifan. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta ta juya bango sosai. Gwaggo ta taso ta tasa ni gaba har zaure tana cewa, "Hita, hita, mara kunya." Na fita, rabi haushi rabi nadama.

A kan hanyar komawa na yanke wa kaina hukunci. Na ce wannan baiwar Allah nisa take so, to zan saya mata nisa. Kwana biyu bayan nan na je Bunguɗu na karɓi makullin babbar. Na sa kafinta ya yi mini 'yar matakala mai hawa biyu, na gwada ta da kaina a ƙofar baya sau ba adadi. Na sayi sabuwar darduma na shimfiɗa a benci, na sa matashi. Auta ya cika mini tanki da gas kamar yadda ya yi alkawari, yana ta yi mini kirarin na zama Alhaji ba Makka.

Ana jibi ranar da likita ya sa, na biya Tsafe na ɗauki Gwaggo muka nufi gida da hantsi. Rafi ya ɗan kawo, motar ta ratsa shi ko gezau, na ji kaina ya yi girma. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙararta. Tun muna bayan gonaki aka ji mu. Kafin in tsaya a ƙofar gida gari ya fito. Dattawan gindin bishiya sun taso, masu dawowa daga gona sun ajiye fartanya, mata sun cika soro suna leƙe. Wata ta rangaɗa guɗa. Wani tsohon maroƙi da ban san yana raye ba ya fito yana wasa Inna, wai haihuwarta ta yi rana, ɗan fari ya kawo mota har ƙofar ɗaki. Na buɗe ƙofar baya na kafa matakalata, jama'a suka yi layi biyu daga soro zuwa mota, kowa na jira ya ga fitowarta.

Ba ta fito ba. Gwaggo ta shiga ta fito ta ce tana shiri. Ta sake shiga ta daɗe, ta fito ta ce tana neman takalmi. Rana ta take, aka kira azahar, muka yi salla muka dawo. Na zagaya motar nan ya fi sau talatin, in buɗe gaba in rufe, in goge gilashin da ba abin da ya same shi. Jama'a suka soma zamewa ɗaya ɗaya ba mai kallon idona. Wajen la'asar Gwaggo ta fito ta ce mini a hankali, "Ta ce kanta ka ciwo. Ba ta zuwa."

Na jefa matakalar cikin mota, na ce wa Gwaggo ta shiga mu tafi. Ko sallama ban yi wa kowa ba. A hanya na buɗe baki na yi ta zuba. Na zagi motar, na zagi Alhajin Bunguɗu, na zagi Auta da gas ɗinsa. Na ce da ƙaramar na saya da mun shiga gari shiru ba wanda ya ji, gobe da sassafe zan mayar da wannan jibgegiyar in ɗauko koriyar ko da asara. Gwaggo ta ƙyale ni har muka hau kwalta, har muka wuce Kucheri. Sai da muka hango Tsafe ta ce, "Ka gama?"

Na ci gaba da tuƙi.

Ta ce, "Ko jaki kaj jawo, in dai kai ka riƙe da igiya, ba ta hawa. Kai awo kay yi tsakaninka da ita cikin mota, ka manta da idon gari. Ta hito gaban mutane ta shiga motar ɗan fari ana guɗa? Cewa za a yi tana taƙama da kai. Ta gwammace ta makance, kuma ka san za ta iya."

Na ce, "To in yi yaya, Gwaggo? In yi yaya?"

Ta ce, "Ba Auta makulli. Kai kuma ka ɓace."

Na taka burki a gefen kasuwar Tsafe na kifa kai a kan sitiyari. Ni na yi zaryar, ni aka yi wa dariya a rumfa, ni na zuba duk abin da na tara, sannan a ce in ɓace, Auta ya ɗauke ta? Kishi na ji, ba zan ɓoye ba, kishin ƙanena kamar muna yara. Na so in ce a bar ta da idonta tun da haka ta zaɓa. Amma na tuna ɓawon gyaɗar nan da take zubawa cikin ƙwaya. Na sauke Gwaggo, na wuce Gusau, na tarar da Auta a wurin da suke lodin yashi, na cilla masa makulli ya cafe. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskata ya fasa.

Washegari ya biya ya ɗauki Gwaggo suka je, kafin azahar sun dawo da ita. Daga baya ya ba ni labari, wai ko gardama ba a yi ba. Ya shiga ya ce, "Tsohuwa, tashi mu tahi," ta zage shi, ya sunkuce ta kamar buhun gero ya ajiye a kujerar gaba. Matakalata ko fito da ita bai yi ba. Ni ina tsaye a gindin wata bishiyar dogon yaro daura da ƙofar asibiti, na ga motata ta shiga da uwata a gaba, ta wuce ni.

Kwana shida ta yi a asibiti. Kullum ina kawo abinci safe da yamma, in tsaya a baranda in miƙa wa Gwaggo ta taga. Rana ta uku ina tsaye a wurin na ji matar gadon kusa tana tambayarta a me aka kawo ta daga wannan nisa. Inna ta ce, "Motar Auta ce. Allah Shi yi mai albarka, ko girgiza babu." Na ajiye kwanon a kan taga na tafi kasuwa, na sauke haushina a kan wani bawan Allah da ya zo tayin maganin feshi.

Aikin dai ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ranar da aka cire auduga ta ƙirga yatsun likita daidai, ta dubi zanen Gwaggo ta ce ashe wannan abin take ɗaurawa tana shiga mutane. Aka ba ta tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Duk wannan a bakin Auta na ji.

Ranar sallama niyyata in bi su a baya a kan babur, don magungunan ɗigawa na hannuna kuma ni likita ya yi wa bayanin yadda za a riƙa sa su. To a makon nan fetur ya ɓace ƙaf, har 'yan bumburutu sun kife jarkokinsu. Babur ɗina ba ko ɗigo. Na je tasha da ƙafa na tarar da fasinja jibge ba mota ko ɗaya. Na dawo asibiti ina gumi na ce wa Gwaggo su tafi, na biyo su duk ranar da Allah Ya kawo mai. Ta harare ni ta ce, "Wa za shi ɗiga mata maganin, ni da ban karatu? Shiga can baya tun ba a hito da ita ba. Ka yi shiru, ko tari kada in ji."

Na buɗe ƙofar baya na hau. Na zauna a kan dardumar da na shimfiɗa mata, tsakanin kwanuka da buta da naɗaɗɗiyar tabarma, matakala na dukan ƙwauri na, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Ina nan aka fito da ita, Auta ya ɗora ta gaba, Gwaggo ta zauna a tsakiya. Babu wanda ya ce ga wane a baya. Ita ma ba ta tambaya ba, amma na san ta ji motsin kwanuka.

Muna fita gari bakinta ya buɗe. Duk abin da ta gani sai ta faɗa wa Auta. Ga gero ya yi kai. Ga wata da tallan nono, ji ƙwaryarta. Da muka zo Kwatarkwashi ta ga dutsen ta yi salati, ta ce rabonta da shi tun kafin a haifi ɗan Auta na fari. Garken shanu ya tare hanya, ta ƙirga farare har bakwai ta ce makiyayin bai iya kiwo ba, sun rame. Auta na ba ta amsa suna dariya. Ni ina can ƙarshe ina riƙe da murfin kwano don kada ya yi ƙara, ina murna.

Muka wuce shanun. Sai na ji ta ce, "Kai, karkato mani madubin ga in ga aikin da likita yay yi."

Auta ya ce, "Inna, da shi nika ganin baya."

Ta ce, "Mi ab bayanka? Tuƙa."

Ya karkata mata. Ta sa hannu ta ƙara gyara shi da kanta, ta ɗan ɗaga, ta ɗan sauke. Na ɗaga kai don in ga ko idon ya yi ja, sai na gan shi a madubin, ƙato ta cikin tabarau, kuma ni yake kallo. Na sunkuyar da kai da sauri kamar yadda na saba. Na ƙirga kwanuka, na dubi takalmina. Da na sake ɗagowa yana nan bai gusa ba.

Muka ratsa Tsafe a haka. Muka wuce Kucheri. Auta na tuƙi ba madubi, ya daina surutu, Gwaggo ta juya tana kallon gonaki. Ban san abin da zan yi da fuskata ba, na bar ta yadda take, hawaye na zuba ban share ba. Da muka sauka daga kwalta motar ta soma tangaɗi, madubin na rawa, sai ta sa hannu ta riƙe shi.

Can muna gangarawa wajen rafi ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ashe ɗan naki har ya yi furfura."

Gwaggo ba ta juyo ba. Ta ce, "Ya daɗe da yi."

Inna ba ta saki madubin ba har muka tsallake ruwan.